Tulun da Mama Ta Ajiye a Bakin Rafi

Surukata, uwar maigidana, ta rasu a ɗakin bayan gidanmu a Kafanchan wata Talata da hantsi, ana tsakiyar zafin nan na kafin ruwan farko. Kafin rana ta take, tsakar gida ta cika. Duk wanda ya shigo ya ce sannu da haƙuri, maganarsa ta biyu ita ce ko akwai ruwan sha. Gidanmu kuwa a kan tudu yake, rijiyarmu ta daɗe da zama wurin ajiye tsofaffin kujeru. Saboda haka aikin da na fara yi wa Mama bayan na rufe mata ido shi ne tsayawa a bakin ƙofa ina ƙwala wa mai ruwa kira.

Matan zumunta na coci suka zo da zannuwansu iri ɗaya, suka zauna a gindin mangwaro suka ɗauki waƙa a hankali. Jikoki suna ta neman hoton da za su ɗora a waya, suna gardama a kan wanne ne ta fi kyau. Maƙwabciyarmu mai sayar da masa ta aiko da kwano a rufe, ta biyo baya da kanta ta ce Allah ya ba mu haƙuri, tsohuwa ce mai tsabta. Wani dattijon ikilisiya ya riƙe hannun maigidana ya ce, "Kada ka damu, Mama ya gama aikinsa, ya tafi gida." Kowa ya ce amin. Ni kam gabana ne ya faɗi, don na san gidan da Mama take nufi, kuma ba na sama kaɗai ba ne.

Can da la'asar mashin ya sauke facalarta, wato matar ƙanin mijinta, wadda muke kira Mama Ƙarama. Su biyun sun shafe yawancin rayuwarsu ba sa ga maciji. Ta shigo da sandarta, ba ta gaishe da kowa ba, ta wuce ɗakin kai tsaye. Na bi ta, don ban san abin da za ta yi ba. Ta buɗe fuskar, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kin yi mini wayo. Kin tafi kin bar ni da jarka." Ta mayar da mayafin, ta fito ta nemi kujera, ta ce a ba ta ruwa.

Ni malamar firamare ce, kuma "Malama" Mama take kira na tun ranar da aka kawo ni gidansu, rabi girmamawa rabi tsokana. Ina rubuta wannan ne don na gaji da jin ana faɗin ta a gurguje. A coci an ce mace ce mai addu'a, gaskiya ne. An ce mai haƙuri ce, wannan kam wanda bai zauna da ita ba ne ya faɗa.

Kafin ta kwanta ciwon ƙarshe, wata safiya ina yi mata wanka da rabin bokiti, sai ta kama wuyan hannuna. Hannun ya rame amma riƙon yana nan.

"Malama, in na mutu, kada su sa ni a bayan wannan gida. A nan ko ƙadangare yana jin ƙishi. Ki mai da ni bakin rafi."

Na ce, "Mama, ki gaya wa 'ya'yanki mana. Ni suruka ce, wa zai ji maganata?"

"Ni na haife su, na san su. Za su yi miting."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ba ta sake ni ba sai da na ce to. Na faɗi to ɗin ne don ruwan yana hucewa, amma na faɗa, kuma ta ji.

Sai an san labarin rafin za a gane nauyin abin da ta ɗora mini. Ƙauyen su maigidana yana can in ka ratse daga hanyar Zonkwa, a gindin wani dutse. Amma da can a kan dutsen yake. Kakanni sun hau ne saboda mahara masu kama mutane, suka yi gidaje a tsakanin duwatsu inda mutum ɗaya zai iya tare hanya. Tsoron ya wuce tun kafin a haifi Mama, amma dattawa suka ƙi sauka, suka ce ba za su bar kaburburan iyayensu ba. Ruwa kuwa yana ƙasa. Kowace mace takan sauka da tulu ta hau da shi safe da yamma, da ciki ko da goyo, damina ko rani. Mama takan nuna mini ƙeyarta ta ce in taɓa. Akwai wani tudu mai tauri a wurin, ta ce na dutse ne, da shi za a binne ta.

Ranar da abin ya faru tana da goyon ɗanta na fari, wanda yanzu yara suke kira Baban Kaduna, ga kuma wani cikin. Ta cika tulu, ta naɗa gammo, ta ɗaga kai ta dubi dutsen. Ta ce ba fushi ta yi ba, ba ta kuma shirya komai ba, ƙafafunta ne kawai suka ce sun gama. Ta ajiye tulun a bakin ruwa, ta shiga bukkar gonarsu da ke kusa, ta hura wuta, ta tono gwaza ta dafa. Da yamma mijinta ya sauko da faɗa a bakinsa da yunwa a cikinsa. Yunwar ce ta yi nasara. Ya ci, ya sha ruwa har ya yi gyatsa, ya ce gobe za su koma. Goben ba ta zo ba.

Sauran matan suka ga ba abin da ya cinye ta, sai suka fara bin sawu, yau wannan gobe waccan. Dattawa suka kira taro a kan dutse don a yanke mata hukunci. Suna ta taro, murahu suna ta mutuwa a bayansu, har aka wayi gari babu mai dafa wa masu taron abinci. Mama takan ce, "Wannan miting ba a rufe shi ba har yau. Yunwa ne ya watsa shi."

A taron shekara na 'yan gari akan karanta tarihi, inda ake cewa kakanninmu masu hangen nesa sun hango albarkar kwari suka sauko. Baban Kaduna ne yake karantawa, da tabarau a kan hanci, yakan kuma ƙara da zuwan mishan da hanyar mota. Mama tana zaune a layin gaba za ta ja tsaki yadda na baya ma za su ji. "Sun hango tuwo dai," in ji ta.

Ni da ita mun sha gardama a kan wannan. A aji ina koya wa yara dalilin da ya sa ake kafa garuruwa a bakin kogi: ruwan sha, ƙasa mai kyau, kifi, hanyar wucewa. Na taɓa karanta mata. Ta saurara da kyau, ta ce duk gaskiya ne, an dai manta a faɗi wanda ya ɗauki ruwan. "Namiji yana cewa shi ya kafa gari. Ki duba duk garin da kin sani, ki nemi ruwa, yana nan kusa. Wuyan mace ne ya auna wurin." Na ce to Kafanchan fa, ai jirgin ƙasa ne ya tara ta, ba mace ba. Ta ce jirgin wancan zamani ya fi duk matan duniya ƙishi, ita da idonta ta ga ana ɗura masa ruwa yana huci, da babu kogi kusa da bai tsaya ba. Ban san iyakar gaskiyar wannan ba. Na bar mata, don gardama da Mama sai wanda ya ci ya ƙoshi.

Abin da na sani shi ne yadda ta tsara rafin ƙauyen, kuma kowa ya bi. Can sama mashaya ce, ba a shiga da ƙafa, da ƙwarya ake ɗiba. Ƙasa da nan wurin jiƙa hatsi da wanke kalwa. Sai wurin wanki, sai inda mata suke wanka a bayan ganyen gwaza, sai na maza, sai mashigi inda shanu suke sha ake kuma tsallakawa zuwa ɗaya gefen. A mashigin nan kasuwar ƙauye ta fara, don mai jiran ruwa ya janye ba ya rasa sayen wani abu. Yumɓun tukwane daga gaɓa ake haƙa, yashin gini daga ciki, rake da shinkafa da gwaza a fadama. Mama ba ta da sarauta, amma ko sarkin ƙauye bai isa ya wanke ƙafa a mashaya ba.

Shi ya sa ta yi karo da wani sabon fasto da aka turo, saurayi mai zafin aiki. Lokacin baftisma ya yi, ya zaga rafin shi kaɗai ya zaɓi wuri mafi kyau, mai zurfi da inuwa da ruwa garau, wato saman mashaya. Dattawan coci suka ji nauyin gaya masa. Ranar Lahadi aka jeru da fararen kaya ana waƙa, fasto ya shiga ruwa har ƙugu ya ɗaga hannu. Sai ga Mama ta keto taron.

"Fasto, me za ka wanke a nan?"

Ya ce, "Mama, alama ce ta wanke zunubi."

"To zunubin wannan gari duka za ka zuba mana a ruwan sha? Ka san wancan da ke layi? Ni na san shi. Ku gangara ƙasa da wurin wanki."

Aka ce fasto ya so ya yi bayanin tauhidi, amma waƙa ta riga ta tsaya, matan zumunta sun fara gangarawa. Tun daga ranar a ƙasa da wurin wanki ake baftisma, a can aka yi wa 'ya'yana. Faston ya tsufa yanzu, kuma shi da bakinsa yake ba da labarin yana dariya har da hawaye.

Kada a ɗauka rafin alheri kaɗai ya yi mata. Ƙananan ƙudajen bakin ruwa sun cinye idon mijinta a hankali, ya yi shekarunsa na ƙarshe ana jan sa da sanda. Akwai kuma daminar da ruwa ya zo da ƙarfi ya tafi da ɗan Mama Ƙarama a mashigi, yana dawowa daga makaranta. A wurin makokin, gaban kowa, Mama Ƙarama ta nuna Mama da yatsa ta ce, "Ke kin sauko da mu. Da muna kan dutse, da yarona yana nan." Daga nan gaisuwa ta mutu a tsakaninsu, sai faɗa a kan iyakar fadama, a kan akuya, a kan wanda ya karkatar da ruwa zuwa rakensa. Sau ɗaya Mama ta taɓa yi mini zancen. Ta ce, "Facalana bai yi ƙarya ba. Ni na ajiye tulu." Ta ci gaba da gyaran acca.

Ni kuma abin da ba zan manta ba shi ne haihuwata ta fari. A ƙauye na haihu, yaron bai zo da rai ba. Wasu mata suka ce ba sai an wahala da wankan jego ba tun da babu jariri. Mama ta ce, "Jikin bai san yaro ya mutu ba." Kullum da safe ta sauka rafi da kanta, ta ɗebo, ta tafasa da ganye, ta gasa mini jiki, tana yi mini faɗa cewa na cika raki. Ba ta taɓa ce mini in yi haƙuri ba. Ruwa kawai take kawowa, har na warke. Tun daga lokacin na zama tata, ko da muna faɗa.

Sai shekarar da aka watse ta zo. Ba zan ba da labarinta ba, duk mutumin yankinmu yana da irin nasa. 'Yan bindiga sun shiga ƙauyukan da ke bin rafin, namu ma bai tsira ba. Wanda ya rayu ya kama hanya. Maigidana ya ɗauko Mama a bayan mashin da zane ɗaya da Littafi Mai Tsarki wanda ba ta iya karantawa. Da ta sauka a gidanmu ta zaga shi, ta leƙa rijiya, ta jefa tsakuwa ta ji ƙarar ƙasa.

"Wane mai hankali ne ya sayi wannan fili?"

Na ce, "Ɗanki ne, Mama."

"Ya biyo ubansa."

Zaman Kafanchan bai karɓe ta ba, mu ma ta gajiyar da mu, gaskiya ke nan. Takan zauna a ƙofar gida tana kallon masu tura kurar ruwa suna hawa tudunmu, gumi yana zuba, ta ce an koma kan dutse, sai dai yanzu maza ne suke ɗauka, wannan kaɗai ya yi mata daɗi. Ruwan jarka wai warin roba yake yi. Na leda kuwa ba ta taɓa sa shi a baki ba. In na wanke shinkafa na zubar da ruwan a ƙasa, sai na ji muryarta ta taga tana tambaya ko ba ni da shuka. Wata rana ta ɓace, muka same ta can gangare a bakin wani kwalbati tana kallon ruwan kwata. Ta ce tana so ta ga inda ya nufa. Tsoro ya kai mu sama, ruwa ya sauko da mu, tsoro ya sake kwashe mu, haka take faɗa, ba da kuka ba, kamar mai lissafa kayan miya.

Da aka kai ta mutuware, wato ɗakin ajiye gawa, 'ya'yanta suka yi abin da ta ce za su yi. Baban Kaduna ya iso, aka jera kujeru a falo, maza suka zauna. Ba mugun mutum ba ne, kuma maganarsa tana da kai. Ya ce ƙauye ba kowa, hanya ba tabbas, baƙi za su zo daga Kaduna da Abuja, wa zai ɗauki alhakin rayukansu? Ya ce ba zai binne uwa ya ƙara da wasu ba. Aka tsayar da cewa a bayan gidanmu za a yi, kusa da rijiyar da ba ruwa. Maigidana yana kallon ƙasa.

Na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Baba, ku yi haƙuri, Mama ta bar mini magana." Na faɗa musu. Baban Kaduna ya cire tabarau ya goge ido ya ce, "Mun ji, Malama. Allah ya yi miki albarka. Ki je ki duba abincin baƙi." Aka wuce zancen anko da kanofi.

Na kwana biyu ina jin haushi, na kowa da kowa, har da na Mama da ta zaɓi wadda ba ta da murya ta ɗora mata. Sannan na tafi unguwar da Mama Ƙarama take zaune a ɗaki ɗaya da matar jikanta. Ban je neman taimako ba, na je ne in sami wanda zan yi wa ƙorafi. Ta saurare ni tana tauna goro da sauran haƙoranta.

"Ina hatsin kunu?"

Na ce yana gida, buhunan dawa sun iso.

"An kafa murhu?"

"Tukuna."

"To me kina kuka? Ke ba matar gida ba ne?"

Sai a lokacin na gane. A al'adarmu kunun makoki da abincinsa aikin matan gida ne, wato mu da aka auro. Kuma inda matan gida suka jiƙa hatsi suka kafa murhu, nan ne gidan makoki. Ba a ɗaga murhun makoki a kai shi wani wuri, ko mai wa'azi bai taɓa gwadawa ba. Maza suna yanke rana, suna yanka saniya, suna magana a lasifika, amma ba wanda ya taɓa tambayarsu inda za a dafa, don ba a taɓa samun dalilin tambaya ba.

Da sassafe muka ɗauki hayar a-kori-kura, muka loda dawa da manyan tukwane, ni da Mama Ƙarama da matan gidan da suka yarda. Wasu sun ƙi, ban kuma ga laifinsu ba. Muka bi bayan manoma da 'yan banga da suke shiga da rana su duba citta su fito. Tsoro na ji. Ina da yara, ina da aji da ke jirana, ga ni a bayan mota a kan buhu saboda wata to da na faɗa a banɗaki.

Ƙauyen ya zama ciyawa. Wasu ɗakuna ba rufi, na Mama yana tsaye, ƙofar a buɗe. Tulunta yana nan a bayan ƙofa, ba na farkon ba, wancan ya daɗe da fashewa. Muka gangara rafi. Yana nan yadda yake, yana wucewa abinsa, ko a jikinsa. Na so in ji haushinsa ban iya ba. Mama Ƙarama ta nuna da sanda inda za a jiƙa hatsi, ƙasa da mashaya, ta daka wa wata amarya tsawa da ta nufi ruwan da silifas. Muka jera duwatsu, muka hura wuta.

Rana ta karkata kaɗan sai ga maigidana a kan mashin, idonsa ja. "Kin haukace ne? Kin san abin da kin yi?" Na ce na sani. Na miƙa masa faten acca da muka dafa wa kanmu. Ya ƙi karɓa, ya tsaya yana kallon hayaƙi da buhunan da suka riga suka sha ruwa. Sannan ya hau wani tudu inda waya take kamawa ya kira wansa, ya sa yadda duk za mu ji.

Baban Kaduna ya yi faɗa, ya yi Turanci, ya yi yare, ya koma Hausa. Da ya gaji ya ce, "Wa ya ba su wannan shawara?"

Mama Ƙarama ta matso ta ce, "Ba wanda ya ba mu. Mun ajiye tulu ne."

Sai Baban Kaduna ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Ni ne a bayanta ranar." Ya ja numfashi. "To. Ku fito daga wurin kafin yamma. Zan nemi masu rakiya."

Jana'izar ba ta yi kama da wadda aka tsara ba. Yawancin baƙi ba su zo ba, kanofi ya zauna a Kafanchan. Tsohon faston nan ne ya yi wa'azi, gajere ƙwarai, kowa yana amin yana satar kallon dutse. An haƙa kabarin a tudun bayan ɗakinta, nesa da mashaya, don da mun kuskura da ta tashi. Daga wurin ana jin ƙarar ruwa. Kafin a rufe akwati muka ɗebo a tulunta, Mama Ƙarama ta tsoma hannu ta shafa mata a fuska da ƙeya. Aka sha kunu a tsaye. Tun rana tana sama direbobi suka fara hon.

Kowa ya shiga mota sai Mama Ƙarama. Na same ta a bakin rafi tana ƙoƙarin ɗaga tulun, ta cika shi rabi. Jikanta ya roƙe ta, Baban Kaduna ya roƙe ta, ta ce su tafi, ita ta gaji da sayen ruwa, wanda yake so ya kashe tsohuwa ya zo ya same ta a ƙoshe. Na ce, "Mama, ni na kawo ku. In wani abu ya same ki, ina zan sa kaina?"

Ta dube ni. Ta ce, "Ki saurara, Malama. Da ƙafana na zo. In wani abu ya faru, kada ki ɗauka a kanki, kuma kada ki bar kowa ya ɗora miki. Na ɗora wa wancan matar kaya tun muna da ƙarfi. Kullum ina cewa gobe zan sauke masa." Ta juya ta kalli tudun da sabuwar ƙasa take. "Taya ni."

Na naɗa mata gammo, na ɗora mata tulun. Ta tafi a hankali, sanda a hannu ɗaya, ruwan yana motsi a ciki. Ni na shiga mota.

Tana can har yau. Wasu tsofaffi sun bi ta, an ce wani ya fara gyara rufin ɗakinsa, maza kuma sun sa ranar miting a kan ko ya dace a koma. Ni ina Kafanchan, ina kiran mai ruwa, ina koya wa yara dalilin da ya sa ake kafa gari a bakin kogi. Duk sanda wayata ta yi ƙara da lambar da ban sani ba, sai na yi addu'a kafin in ɗauka. An ce kada in ɗauki kayan, amma na fara jin wurin a ƙeyata.

Mama, na cika to ɗin da na faɗa. Ubangiji da kika bauta wa da faɗa da gaskiya ya ba ki hutawa, ya tsare waɗanda suke kwana kusa da ke. Facalarki ta aiko a gaya mini tana share kabarinki kowace safiya, tana kuma yi miki faɗa, wai har yanzu rakenki yana shan ruwan da ba nasa ba.